Kukan Ƙasar Ruma: Wayar Hannu da Tarihin Zanga-zanga a Batsari da Safana, 2019 zuwa 2025

Gabatarwa

A cikin watan Mayu na shekarar 2019, ana tsakiyar azumin Ramadan, mutanen birnin Katsina suka ga abin da ba su saba gani ba. Motoci ne suka shigo gari ta hanyar Batsari, ɗauke da gawawwakin manoma 18 waɗanda 'yan bindiga suka kashe a ƙauyen 'Yar Gamji, 'yan'uwansu da matasan yankin suna biye. Suka nufi gidan gwamnati da fadar Mai Martaba Sarkin Katsina, Alhaji Abdulmumini Kabir Usman, inda a ƙarshe aka sallaci mamatan. Tun kafin gidajen rediyo su karanta labaran dare, hotunan wannan rana sun riga sun zagaye Facebook da WhatsApp, daga Katsina har inda duk wani Bakatsine yake neman abinci.

Waɗanda suka rako gawawwakin ba su da ƙungiya, ba su da shugaba, ba su rubuta takardar koke ba, kuma in an tambayi mai karatu a yau sunan mutum ɗaya daga cikinsu da wuya ya iya faɗa. Manufar wannan maƙala ita ce a bi sawun yadda mutanen Batsari da Safana da maƙwabtansu suka riƙa kai kukansu a cikin waɗannan shekaru, da rawar da kafafen sada zumunta suka taka, sa'an nan a duba wata tambaya da ta shafe mu a matsayinmu na marubuta, wato su wane ne masu zanga-zangar nan, kuma me ya sa aka ji kukansu amma ba a san su ba.

Ƙasar da ake magana a kanta

Batsari da Safana ƙananan hukumomi ne da ke yammacin Jihar Katsina, a bakin Dajin Rugu wanda ya haɗa Katsina da Zamfara. Hakimin Batsari shi ke riƙe da sarautar Sarkin Ruma, na Safana kuwa Yariman Katsina. Zaman ɗar-ɗar ba baƙo ba ne a tarihin wannan yanki. Bayan jihadi ya ci Katsina a farkon ƙarni na 19, sarakunan da aka kora suka kafa Maraɗi, ƙasar Ruma ta zama hanyar da mayaƙan ɓangarorin biyu ke ratsawa, garuruwa suka tashi, daji ya cinye gonaki. A wannan zamani ne sunan Ɗanwaire ya fito. Da yaƙe-yaƙe suka lafa a farkon ƙarni na 20 mutane suka komo, manoma da makiyaya suka cika ƙasar, suka zauna tare shekara da shekaru.

Fitinar da muke ciki ta faro ne da satar shanu, ta rikiɗe ta zama ramuwar gayya tsakanin 'yan sa-kai da mutanen daji, daga bisani ta koma garkuwa da mutane don neman kuɗin fansa. Gwamnatin Aminu Bello Masari ta gwada sulhu, har gwamnan da kansa ya shiga daji a watan Satumba na 2019, amma zaman lafiyar bai daɗe ba.

Kai kuka kafin zuwan waya

Kada mai karatu ya ɗauka cewa talakan ƙasar Hausa ya jira Facebook kafin ya buɗe baki. An kafa NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, kuma saƙonta ya ratsa ƙauyuka ta bakin 'yan kasuwa da teloli da mawaƙa da malaman zaure. Sai dai a wancan zamani duk wanda ya shiga gwagwarmaya sananne ne. Mai unguwa ya san shi, dagaci ya san shi, alkali ma ya san shi. Yana da katin jam'iyya, in aka ɗaure shi akwai masu bin sawunsa, in ya mutu akwai masu riƙe sunansa. Shi ya sa har gobe muna iya lissafa irin su Malam Aminu Kano da Sa'adu Zungur da Hajiya Gambo Sawaba da Mudi Sipikin. A 1979, lokacin da Katsina ke cikin tsohuwar Jihar Kaduna, wannan jerin gwano ne ya kai Balarabe Musa kujerar gwamna a ƙarƙashin PRP, aka soke haraji da jangali.

Daga baya rediyo da kaset suka ɗauki nauyin yaɗa magana. Wayar hannu ta shigo Nijeriya a 2001. A watan Janairu na 2012, da gwamnatin Goodluck Jonathan ta cire tallafin man fetur, matasan Kano da Kaduna da Legas suka yi amfani da saƙon waya da Facebook da Twitter wajen tara jama'a, suna koyi da abin da suka gani a Tunisiya da Masar a 2011. A 2014 sace 'yan matan Chibok ya haifar da maudu'in #BringBackOurGirls, wanda ya kai har fadar shugaban Amurka. A zaɓen 2015 kuwa matasan Arewa suka mayar da waɗannan kafafe filin yaƙin neman zaɓen Muhammadu Buhari, Jihar Katsina ta ba shi ƙuri'a fiye da miliyan ɗaya, ta kuma maimaita haka a 2019.

Wannan batu na ƙarshe yana da muhimmanci ga abin da zai biyo baya. Lokacin da wuta ta kama a Batsari da Safana, wanda ke kan kujerar shugaban ƙasa ɗan gida ne, mutumin Daura. Duk wanda ya yi kuka, dole ya fara amsa tambayar ko shi maƙiyin nasu ne.

Shekarar da tura ta kai bango

A watan Fabrairu na 2020 aka kai hari ƙauyukan Tsauwa da Dankar a Batsari, aka kashe mutum kusan 30, aka ƙona gidaje da dabbobi da hatsi. A watan Afrilu, ana cikin kullen annobar korona, aka kashe mutum 47 a hare-haren da suka shafi Safana da Ɗanmusa da Dutsinma. Da shigowar Yuni aka kashe Hakimin 'Yantumaki a cikin gidansa. Kwanaki kaɗan bayan haka mutanen 'Yantumaki suka tare babbar hanya, suka ƙona tayoyi, suka kuma cinna wa wani allon talla mai ɗauke da hoton shugaban ƙasa wuta. Hoton allon nan yana ci da wuta ya fi kowane jawabi tasiri, domin kowa ya san yawan ƙuri'ar da yankin ya bayar. A cikin makon ne kuma aka yi kisan Kadisau a Faskari.

Ranar 16 ga Yuni 2020 gamayyar ƙungiyoyin Arewa da aka sani da CNG ta jagoranci zanga-zangar lumana a birnin Katsina. Bayan an watse 'yan sanda suka tafi da Nastura Ashir Sharif, ɗaya daga cikin jagororin gamayyar, zuwa Abuja. Nan da nan aka cika Twitter da Facebook da kiran a sake shi, ba a daɗe ba kuwa aka sake shi. Sai mai karatu ya lura da bambancin da ke nan. Na birni da aka kama yana da suna, yana da ƙungiya, yana da lauyoyi da abokai 'yan jarida. Na ƙauye da ya tare hanya ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan.

A watan Oktoba aka yi zanga-zangar #EndSARS, wadda ta fi ƙarfi a Legas da Abuja da biranen Kudu. Matasan Arewa da dama suka ce ciwonsu daban ne, domin a wurinsu ba yawan 'yan sanda ne damuwa ba, rashinsu ne. Suka fito da nasu maudu'in, #SecureNorth da #EndInsecurityNow. Ranar 11 ga Disamba kuma aka kwashe ɗaliban makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, a daidai lokacin da shugaban ƙasa yake hutu a Daura. Maudu'in #BringBackOurBoys ya zagaye duniya, bayan kwana shida aka sako yara 344. Iyaye a Batsari da Safana, waɗanda ake kwashe wa 'ya'ya biyu-biyu, uku-uku, ba tare da kowa ya ji ba, sun koyi darasi a nan: duniya tana waiwayowa ne idan adadi ya yi yawa kuma labari ya fita da Turanci.

Su wane ne masu kukan?

In aka natsu aka duba, za a ga mutum iri uku ne suke cikin wannan gwagwarmaya, kuma ba kasafai suke haɗuwa a wuri ɗaya ba.

Na farko shi ne mai ciwon, wato manomin Wagini ko Runka ko Zakka, da matar da ta kwana a daji da goyo. Wayarsa ƙarama ce, ta kira da tocila da rediyo. In ya shiga WhatsApp da wayar ɗansa, saƙon murya yake turawa, domin ya fi sakin jiki da baki a kan rubutun boko. Zanga-zangarsa ba ta da ranar da aka tsayar, tana tashi ne da safiyar da aka kwana ana harbi, a kan titin da ya fi kusa, ta watse kafin la'asar.

Na biyu shi ne ɗansa ko ƙanensa da ke karatu a Katsina ko Dutsinma ko Zariya, ko yake aikin acaba ko gadi a Abuja da Legas. Shi ne gada. Shi ake kira da asuba a faɗa masa wanda aka kashe da wanda aka ɗauke, shi kuma ya rubuta a Facebook da Hausa, ya tura wa wakilan rediyo, ya buɗe zauren WhatsApp na tara kuɗin fansa ko na taimakon 'yan gudun hijira. Mafi yawan abin da duniya ta sani game da ƙauyukan nan ta hannun irinsa ya fito.

Na uku shi ne ɗan gwagwarmayar birni, mai mabiya da yawa, mai Turanci, wanda ya iya ƙirƙirar maudu'i ya sa ya yi tashe. Ba laifi ba ne aikinsa, kuma da ba don shi ba da kuka da yawa bai wuce Jibiya ba. Sai dai idan labari ya iso hannunsa, sunayen ƙauyuka sukan narke su zama "Arewa", mamata su zama adadi.

Akwai kuma dalilin da ya sa na farko da na biyu ke ɓoye fuska, wanda ɗan zanga-zangar Legas bai san shi ba. A wannan yanki ba hukuma kaɗai ke karanta abin da ka rubuta ba. Ɗan bindiga ma yana da waya, yana kuma da infoma a cikin gari. Wanda ya fito a bidiyo yana faɗin inda maharan suka bi, zai koma ya kwana a gidan da ba shi da katanga. Ta ɓangaren hukuma kuwa akwai sashe na 24 na dokar laifuffukan intanet ta 2015, wanda aka sha kama marubuta da 'yan jarida da shi kafin a yi masa gyara a 2024. Kuma babu mai rubutu a wannan yanki da ya manta da Abubakar Idris, wanda aka fi sani da Dadiyata, malami a Jami'ar Tarayya ta Dutsinma, maƙwabciyar Safana, wanda ya yi suna da sukar masu mulki a Twitter. Wasu mutane suka ɗauke shi a ƙofar gidansa a Kaduna a farkon Agusta na 2019, aka shekara da shekaru ana cigiya ba a gan shi ba. Saboda haka sai ka ga shafi da sunan aro, da hoton dutse ko na zaki a maimakon fuska. Masu iya magana sun ce baki shi ke yanka wuya.

Wannan ɓuya ta kare rayuka, amma ta zo da nata farashin. Wanda ba shi da suna yana da sauƙin ƙaryatawa. Da an yi kuka sai a ce 'yan adawa ne, ko an biya su kuɗin data. Bugu da ƙari, a cikin duhun sunayen aro ne ake cusa tsofaffin hotuna, wasu ma daga wasu ƙasashe, a ce jiya abin ya faru. A nan ne kuma ake yi wa ƙabila guda kuɗin goro, alhali makiyayin da aka kwashe wa shanu, aka kuma hana shi shiga kasuwa, shi ma mai ciwo ne, kuma muryarsa ce ta fi ƙaranci a waɗannan kafafe.

Lokacin da aka kashe layi

A watan Yuni na 2021 gwamnatin tarayya ta dakatar da Twitter, wanda yanzu ake kira X, bayan kamfanin ya goge wani saƙo na shugaban ƙasa, ba a buɗe shi ba sai Janairu na 2022. Wannan bai taɓa mutumin ƙauye sosai ba. Abin da ya taɓa shi ya zo ne a watan Satumba na 2021, lokacin da aka katse layukan waya a Zamfara, sa'an nan a ƙananan hukumomi 13 na Katsina, Batsari da Safana suna ciki. Kafin nan gwamnatin jiha ta rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure da ta Ƙanƙara zuwa Sheme, ta hana cinikin dabbobi a kasuwanni da dama da sayar da fetur a jarka. Manufar ita ce a raba 'yan bindiga da masu kai musu rahoto da kayan masarufi.

Tsawon watanni yankin ya yi shiru. Wanda ke son gaida ɗansa sai ya hau mota ya nemi inda sabis yake. Wanda ya hango babura suna tahowa ba shi da hanyar sanar da ƙauyen gaba ko jami'an tsaro. Labaran hare-hare suka ragu a shafuka, amma ba kowa ya yarda cewa hare-haren ne suka ragu ba, domin labari kan yi kwanaki kafin ya iso Katsina a bakin matafiya. A watan Disamba aka fara maido da layukan. A cikin wannan watan ne aka ƙona matafiya a cikin mota a yankin Sabon Birni na Jihar Sakkwato, matasa suka fito a Kano da Abuja da wasu birane da taken #NorthIsBleeding. Waɗannan watanni sun nuna cewa makamin da ake taƙama da shi ba a hannun talaka makullinsa yake ba.

Daga 2023 zuwa 2025

Ranar 29 ga Mayu 2023 Bola Ahmed Tinubu ya karɓi mulki ya cire tallafin fetur, Dikko Umaru Raɗɗa ya zama gwamnan Katsina. A watan Yuli sojoji suka yi juyin mulki a Nijar, aka rufe iyaka har zuwa Maris na 2024, cinikin Jibiya da Maraɗi ya tsaya. Yunwa ta haɗu da rashin tsaro. Da aka kira zanga-zangar #EndBadGovernance ta 1 zuwa 10 ga Agusta 2024, a wannan karon Arewa ce ta fi fitowa, kuma kiran ya fi yawo ne a TikTok da WhatsApp, da Hausa, a bakin matasan da ba 'yan kowace ƙungiya ba. An sa dokar hana fita a Jihar Katsina, wadda ta fi tsanani a Dutsinma. A Kano da Kaduna da wasu wurare aka ga tutar Rasha a hannun yara, irin wadda suka saba gani a bidiyon Yamai. A farkon Nuwamba aka gurfanar da wasu daga cikin waɗanda aka kama a babbar kotun tarayya da ke Abuja bisa zargin cin amanar ƙasa, cikinsu da ƙananan yara, wasu suka faɗi a gaban alƙali saboda galabaita. Bidiyon wannan rana ne ya tayar da ƙura har shugaban ƙasa ya ba da umarnin a sake su.

Abin da ya fi ba da mamaki shi ne a daidai lokacin da mai ciwo ke ɓoye fuska, mai jawo ciwon ya daina ɓoye tasa. An ga 'yan bindiga a TikTok suna baje kuɗi da makamai. A 2025, da aka riƙa yin zaman sulhu a Batsari da Jibiya da Safana da Ɗanmusa, bidiyon tarurrukan ya nuna su a fili, da bindigoginsu a kafaɗa, suna jawabi. Har Ado Aleru, wanda 'yan sandan Katsina suka sa ladar naira miliyan 5 a kansa a 2020, an gan shi a irin wannan zama. Yaro a Kano zai iya lissafa maka sunayen manyan daji biyar, amma ba zai iya faɗin sunan mutum ɗaya daga cikin 18 na 'Yar Gamji ba.

Abin da ya rage ga marubuci

'Yan'uwa marubuta, a nan ne maganar ta iso ƙofarmu. Kafafen sada zumunta sun yi abin da za su iya. Sun kai kukan ƙasar Ruma inda ƙafa ba za ta kai shi ba, sun fitar da wasu daga tsare, sun tara kuɗin abinci da magani. Amma ba ma'ajiya ba ce. Waya takan faɗa ruwa, shafi yakan rufe, mai saƙo yakan goge don tsoro, kamfani yakan canza suna da mai shi. Abin da muka sani game da NEPU mun san shi ne domin wasu sun zauna sun rubuta, wasu sun ɗauki muryoyin tsofaffi kafin su wuce.

Don haka ga shawara ga mai son rubuta wannan zamani, labari ne ko waƙa ko wasan kwaikwayo ko tarihi. Kada ya tsaya ga abin da ya gani a allon waya. Ya je inda 'yan gudun hijira suka zauna a Batsari da Dutsinma da Katsina, ya saurari mata da tsofaffi da makiyaya, ya rubuta sunan ƙauye da wata da shekara daidai. Ya tantance hoto kafin ya gina shafi a kansa. Ya nemi izinin mai labari, in bayyana sunansa zai jefa shi cikin haɗari ya sakaya shi a littafi, amma ya adana na gaskiyar a wurin da ya amince da shi, domin ranar da za a iya faɗa tana tafe. Kuma ya rubuta da Hausa, don waɗanda abin ya faru a kansu su iya ji a karanta musu, su ce nan ka yi daidai, nan ka kuskure. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya mayar da waɗanda suka bar gidajensu lafiya, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.